Wankin ƙarƙashin dasashi: shin shi ke sa haƙora girgiɗi?

Assalamu alaikum. Wani bawan Allah daga nan Damagaram ya turo tambaya, yace shekarunshi 47, yana da ciwon suga, duk sanda ya yi asuwaki sai ya ga jini, maiɗakinshi ta fara mishi maganar warin baki, kuma haƙoran gaba na ƙasa guda biyu sun fara motsi. Ya je wajen likitan haƙori aka ce mishi detartaraj, wato kankare daskararren dattin haƙori, na sama-sama ba zai wadatar ba, sai an yi wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, da allura, kuma ba a zama ɗaya ba. To a fada abokai sun tsorata shi, wai wannan wankin shi ke kankare haƙori, ya buɗe ma mutum giɓi tsakanin haƙora, daga baya duk su zube. Yana tambaya ya yi ko ya bari.

Malam, ka yi. Kuma kar ka ja lokaci, tunda har ka ce biyu sun fara motsi. Amma ba zan tsaya nan ba, don maganar abokanka ba daga iska suka ɗauko ta ba, akwai abin da suka gani da idonsu, fassarar da suka yi mishi ce ba daidai ba, kuma in ban warware maka ita yanzu ba, ranar da aka gama aikin ka duba madubi kai ma za ka ce an cuce ka.

Haƙori ba a cikin nama yake tsaye ba, a cikin ƙashin muƙamuƙi yake, wasu siraran jijiyoyi suna ɗaure da saiwar jikin ƙashin, dasashi kuma rufi ne a sama. Gobe da asuba kafin ka wanke baki sa farce ka kankari gindin haƙorinka daidai inda ya haɗu da dasashi, za ka ga wani farin abu mai danƙo ya fito. Mutane na ɗauka ragowar tuwo ne, alhali ƙwayoyin cuta ne jingim suka yi gida. Wannan in yana da taushi buroshi ko asuwaki na fidda shi. In aka bar shi kwanaki sai ma'adinan da ke cikin miyau su shiga cikinshi ya daskare ya zama tartar, kuma daga nan ko awa ɗaya za ka yi kana dirza ba ya fita. Shi ya sa ya fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa, daidai inda miyau ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe, da kuma jikin turamen sama ta wajen kunci. Taɓa bayan haƙoran nan naka biyu da kan harshe, in ka ji wuri mai kaushi wanda ya cike tsakaninsu har ba ka jin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, to shi ne.

Jikin tartar kaushi gare shi, ƙwayoyin cuta na samun wurin maƙalewa, dasashi ya kumbura ya yi ja ya fara jini. A wannan matakin komai na iya komawa daidai, detartaraj na sama da gyaran goge baki sun isa. In aka bari shekaru, dasashin sai ya saki jikin haƙori, wani rami ya buɗe tsakaninsu wanda muke ce ma aljihu, dattin ya gangara ciki inda ba buroshin da ke kaiwa, jikinka kuma garin faɗa da ƙwayoyin cutar ya riƙa narkar da ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Kamar turke ne da ruwan damina ke zaizaye ƙasar gindinshi kaɗan-kaɗan, turken lafiyarshi lau ba ko tsaga, amma wata rana tunkiya na ja zai biyo ta. Abin da ya fi ɓata min rai da wannan ciwon shi ne ba ya zafi. Kogon haƙori na hana mutum barci ya taho asibiti da gudu, wannan kuwa shiru yake cin mutum shekara goma, sai haƙori ya fara rawa sannan a zo, a ce tsufa ne ko gado ne. Kuma ba kai kaɗai ba ne, rahoton hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya ce wajen kashi 19 cikin 100 na manya a duniya na da ciwon dasashi mai tsanani, mutum sama da biliyan ɗaya.

Kafin a taɓa ka da kowace na'ura ya kamata a auna. Akwai wani siririn ƙarfe marar tsini mai zane-zanen milimita a jikinshi, ana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, ana rubutawa. Lafiyayyen dasashi milimita 1 zuwa 3 ne. Daga 4 zuwa sama, musamman in wurin ya yi jini da aka taɓa, aljihu ne. 6 zuwa sama ya yi zurfi sosai. Na sha ganin ƙarfen nan ya nutse har zanen 8 ya ɓace a dasashin da in ka kalle shi daga waje za ka rantse lafiya lau yake, ana zarowa ruwan mugunya na biyo shi. Sannan a yi radiyo, wato hoton ƙashi, a ga ƙashi nawa ya rage. In likitanka bai yi wannan awon ba ka roƙe shi ya yi, ka ce ya faɗa maka lambobin, haƙƙinka ne, don da su za a gane nan gaba ko aikin ya ci ko bai ci ba. Kuma ni a ganina duk wanda aka ce ma wanki mai zurfi ba tare da an auna an samu aljihu ba, yana da damar ya tambayi dalili, don ba kowane jinin dasashi ke bukatar shi ba.

Shi aikin kanshi ga yadda yake. Ana raba baki gida huɗu, sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu, a yi kashi ɗaya ko biyu a zama guda, abin da ya sa aka ce maka zuwa da yawa kenan, ba wai don a ci kuɗinka ba. Za a yi maka pikir ɗin kashe zafi a dasashi, irin wadda ake yi in za a cire haƙori, ɗan tsikari ne na daƙiƙu sannan leɓe ya yi nauyi. Daga nan sai na'urar nan mai ƙara da fesa ruwa, bakinta na karkarwa sau 25,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, karkarwar ce ke farfasa tartar ruwan kuma na sanyaya wurin yana wanke tarkacen. Ba yanka take ba, ba kuma fiƙe haƙori take ba. Bayan ita sai ƙananan ƙarafa na hannu masu lanƙwasasshen baki da ake shiga da su cikin aljihun a bi jikin saiwar a kankare abin da ya saura har sai an ji wurin ya yi santsi. Tartar ɗin ƙarƙashin dasashi ba fari ko rawaya ba ne irin na sama, baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu saboda jinin da ya sha, kuma ya fi kama jiki. Ina yawan ɗora ɓarɓashin a kan auduga in nuna ma mai shi, da yawa sai su zabura su ce likita ai haƙorina ne ka ɓalle, sai na murƙushe shi da ƙarfe a gabansu ya zama gari sannan hankalinsu ke kwanciya.

Yanzu maganar fada. Abu uku suke gani bayan an yi ma mutum wanki, kuma duka ukun da gaske suna faruwa.

Giɓin da ke bayyana tsakanin haƙora dama can yana nan, tartar ne ya cike shi, kumburarren dasashi kuma ya lulluɓe sauran. An cire dattin, kumburi ya sabe cikin sati biyu uku, dasashi ya koma ya zauna daidai inda ƙashi ya tsaya, to sai ka ga haƙoran sun ƙara tsawo kuma iska na wucewa tsakaninsu. Ba wankin ya ci naman ba, ciwon ne ya cinye ƙashin tun shekarun baya, wankin ya yaye rufin ne kawai. Motsin ma haka, a bakin wasu tartar ɗin ya haɗe haƙoran gaba huɗu ko shida ya zama dunƙule ɗaya, in aka fasa shi kowane haƙori ya koma tsaye da ƙafarshi sai a ji kamar ya ƙara rawa a kwanakin farko. To amma wannan dunƙulen da ake ganin yana riƙe da su shi ne fa ke cinye gindinsu, wanda ya bar shi don tsoron motsi wata rana haƙoran za su fita tare da shi gaba ɗaya, na ga wanda hakan ya faru da shi yana cikin cin kilishi. Yawanci in kumburi ya tafi, bayan 'yan makonni motsin na raguwa, wasu ma su kafe fiye da da. In sun ci gaba da rawa akwai dabarar ɗaure su da 'yar waya ta baya a manne da na kusa da su.

Na ukun shi ne tsami ko zugi in an sha ruwan sanyi. Saiwar haƙori ba ta da wannan ƙaƙƙarfan farin rufin da ke saman haƙori, da dattin ya rufe ta yanzu ta fito fili, to ruwan firji ko ƙanƙara a watan azumi ko iskar hunturu in ta buga za ka ji har ƙwaƙwalwa. Wannan na lafawa cikin sati ɗaya zuwa huɗu a wajen yawancin mutane, man goge baki na masu jin tsamin haƙori irin Sensodyne na taimakawa, ka shafa kaɗan da yatsa a wurin da dare kar ka kurkure.

Dole in faɗa maka wata gaskiya kuma ko ba daɗi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da wanki. Abin da muke nema shi ne a tsayar da ciwon inda ya kai, jini ya tsaya, wari ya tafi, aljihun ya rage zurfi har ka iya tsaftace shi da kanka. Haƙorin da saura ƙiris ƙashinshi ya ƙare, mai motsi gaba da baya har da sama da ƙasa, wani lokacin ba ya tsira, kuma likita na gari zai faɗa maka tun kafin a fara wanne ne ake da fata a kanshi wanne ne babu. Ban ga bakinka ba balle in ce ga matsayin naka biyun, wanda ya ga radiyon shi zai faɗa. Sannan wankin ba ya sa haƙori fari, jan goro da baƙin shayi da taba da ke manne a sama za su fita, amma launin da ke cikin jikin haƙorin ba ya fita, misali irin ja-ja ɗin da yawan sinadarin fuliyo a ruwan sha ke sa ma yara, wanda aka sani sosai a Tibiri ta jihar Maradi, wannan wani aiki ne daban.

Sugan nan naka shi ya fi tsaya min a rai cikin duk tambayar. Ciwon suga da ciwon dasashi kowanne na ƙara ma ɗan'uwanshi ƙarfi, in suga ya hau jiki ba ya iya faɗa da ƙwayoyin cuta kuma rauni ba ya saurin warkewa, shi kuma kumburin da ke zaune a baki dare da rana yana sa suga ya ƙi sauka ko ana shan magani. Binciken da aka tattara a 2022 ya nuna gyaran dasashi na sauke awon sugan nan na wata uku, wanda ake rubutawa HbA1c, da kimanin 0.4 cikin 100 bayan wata uku zuwa huɗu. Kar ka raina wannan, ga mai suga abu ne babba. Don haka ka sanar da likitan da ke duba sugan cewa za a yi maka aikin, ka yi analiz kafin ranar, in ya yi sama sosai a fara daidaita shi. Ka karɓi randebu na safe, ka karya kumallo ka sha maganinka yadda ka saba, kar ka zo da yunwa wai don za a taɓa baki, mun sha fama da wanda suganshi ya faɗi a kan kujera saboda haka.

Ka kwaso duk magungunan da kake sha a leda ka kai ma likitan ya gani da idonshi. Masu tsinka jini irin asfirin da ake ba masu ciwon zuciya na sa jini ya daɗe bai tsaya ba, amma kar ka daina sha da kanka, likita ne zai yanke. Wasu magungunan tansiyo irin amlodipin da nifedipin na sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. In an taɓa sa maka bawul a zuciya ko an ce kana da ciwon bawul ɗin zuciya ka faɗa tun farko, akwai waɗanda sai sun sha antibiyotik kafin a fara. In kuma kana shan sigari ko kana sa tabar leɓe, to wallahi rabin wahalar a banza za ta tafi, taba na matse jijiyoyin jinin dasashi, ta ɓoye jinin da zai gargaɗe ka, ta hana wurin warkewa.

Bayan an gama, kar ka ci komai sai leɓen ya saki, don kar ka ciji kanka ba ka sani ba. Kwana biyu na farko kunu, koko marar zafi sosai, fura, tuwo mai laushi, a ɗan dakata da yaji da tsire da ƙuli-ƙuli da goro. Ɗan jini-jini a miyau ranar farko ba komai ba ne, parasetamol ya isa ga zafin. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri na da kyau daga washegari. In an rubuta maka ruwan kurkure baki na kuloreksidin ka yi amfani da shi iya kwanakin da aka ce, yawanci ba ya wuce sati biyu, in aka zarce yana baƙanta haƙori da harshe. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko kumburin fuska, ko zazzaɓi, ka koma asibiti ranar ba sai randebu ba.

Don Allah kar ka je wajen mai magani a tebur ka haɗa ma kanka amoksisilin da Flagyl. Na san ana yi, jini ya tsaya kwana goma mutum ya ce ya warke, sai ya dawo ya fi da. Ƙwaya ba ta narkar da tartar, kuma ƙwayoyin cutar da ke cikin wannan danƙon magani ba ya ratsa su yadda ya kamata sai an fasa gidan da hannu. Akwai 'yan lokutan da muke haɗa antibiyotik da wankin, amma ba kowa ba. Kanumfari na rage zafi ba ya maganin ciwon. Dirza haƙori da gawayi ko toka ko kanwa kuma cinye wuyan haƙorin yake, ga shi yanzu saiwarka za ta kasance a waje kuma ta fi sama taushi. Masu cewa za su fidda maka tsutsa daga haƙori, ba wata tsutsa a ciki. Kuma duk inda za ka yi aikin, babban asibitin Damagaram ne ko kilinik mai zaman kanta, ka lura kayan aikin daga cikin leda a rufe aka fiddo su bayan an dafa su a na'urar tururi, don aiki ne na jini, ciwon hanta irin epatit B kuma da yawa a ƙasarmu. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya. Kuɗin ma ka tambayi jimillar duka zaman tun farko, jika nawa ne har da dawowa, don kar ka yi rabi ka tsaya.

Sauran aikin a hannunka yake, kuma nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Farin danƙon nan cikin awoyi yake fara dawowa, ni awa ɗaya ko biyu nike da bakinka, kai ke tare da shi kullum. Buroshi mai laushi da man goge baki mai fuliyo, safe da kuma dare kafin kwanciya, minti biyu, ka karkata gashin ya kalli gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, a hankali ba da ƙarfi ba. In ka ga jini kar ka kauce ma wurin, nan ne ma ya fi bukata, cikin sati ɗaya zuwa biyu zai ragu. Asuwaki ban hana ka ba ko kaɗan, sunna ce kuma yana aiki in an iya, a tauna kan ya yi laushi, a riƙa yanke tsohon, a bi haƙori ɗaya-ɗaya har ta ciki, amma yadda ake yawo da shi a baki ana goga haƙoran gaba kawai ba ya kaiwa turame, kuma ba ya shiga tsakani. Giɓin nan da za su buɗe su ne sabon wurin taruwar datti, ka nemi 'yan ƙananan buroshin tsakanin haƙora a farmasi, likita ya gwada maka girman da ya dace, sau ɗaya a rana da dare. Sun fi tsinken ashana da tsinken tsintsiya da ake sakace da su nesa ba kusa ba. Shayin fada kuma mai suga har uku a jere, kai da ke da ciwon suga ka san hukuncinshi ba sai na faɗa ba.

Bayan sati shida zuwa takwas da zama na ƙarshe sai ka koma a sake zura ƙarfen awon a gwada da lambobin farko. Inda ya sauka zuwa 4 ko ƙasa kuma ba jini, alhamdulillahi wurin ya kwanta. Inda ya tsaya a 5 yana jini ana sake wanke wurin kawai. Inda ya rage 6 ko fiye, nan ne ake maganar ƙaramar tiyata a ɗaga dasashin a wanke ana gani, wannan kuma na iya bukatar a tura ka wajen wanda ya ƙware a kai. Daga nan kuma dubawa duk wata uku zuwa shida, kai da ke da suga ni wata uku zan ce maka, aƙalla a shekarar farko. In za ka koma ka tafi da maiɗakin naka ita ma a duba ta, musamman in tana da juna biyu, don ciki na sa dasashi kumburi da jini kuma ana iya wanke ma mai ciki baki ba matsala, an fi so a watanni na huɗu zuwa na shida. Allah ya ba ka lafiya Malam, in an yi awon ka turo min lambobin haƙoran nan biyu da abin da radiyo ya nuna.